Gwajin Mantuwa A Waya: Me Maki 60 Cikin 100 Yake Nufi?

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai POS a bakin titin Kankiya, wannan da ya taso daga Katsina ya miƙe zuwa Kano, ya san yadda abin yake. Mutum ya zo tura kuɗi, ya karanto lambar asusu guda goma, mai POS ya danna, sai wani suna daban ya fito. A sake karantawa, ashe lambobi biyu ne suka yi musanyen wuri. Wani kuma lambar sirrin katinsa ce ta ɓace masa, lambar da ya shekara uku yana dannawa, ya sa sau biyu ta ƙi, ya tsaya yana share zufa don ya san kuskure na uku zai iya rufe katin. Ga kuma wanda ya ɗauko waya don ya kira yayansa a Kusada, bayan minti ashirin ya farga yana cikin TikTok, kiran bai yi ba.

Irin waɗannan abubuwa ne suke sa matasa da yawa cewa "waya ta cinye min ƙwaƙwalwa". Masu haɗa manhajoji sun san da wannan fargaba, shi ya sa Play Store da shafukan intanet suka cika da gwaje-gwajen mantuwa: a amsa tambayoyi na minti biyar, a samu maki, wani lokaci har da jan launi da gargaɗi. Wasu daga cikinsu shirme ne zalla. Wasu kuwa suna da asali mai kyau a ilimin halayyar ɗan Adam, sai dai abin da suke aunawa ba shi ne abin da yawancin masu danna su suke zato ba.

Asalin tambayoyin

Wadda ta fi shahara a cikin irin waɗannan takardun tambayoyi ita ce Cognitive Failures Questionnaire, wadda ake taƙaitawa da CFQ. Donald Broadbent, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Oxford da ke Ingila, shi da abokan aikinsa uku ne suka wallafa ta a 1982. Tambayoyi 25 ne, duka a kan ƙananan kurakurai na yau da kullum a cikin wata shida da suka wuce. Ana tambayar mutum sau nawa yake karanta abu ya gama sannan ya gane hankalinsa bai kai ba. Sau nawa yake tashi daga wannan ɗaki zuwa wancan ya manta abin da ya kai shi. Ko yana rikita dama da hagu in yana yi wa wani kwatance, ko yana bangaje mutane, ko abu yana suɓuce masa daga hannu, ko sunan mutum yana maƙale masa a baki, ko yakan jefar da abin da yake so ya riƙe wanda ya yi niyyar jefarwa.

Kowace tambaya tana da amsa biyar, daga "sam bai taɓa faruwa ba", wanda makinsa 0 ne, zuwa "yana faruwa sosai", mai maki 4. A tara su, a samu wani adadi tsakanin 0 da 100. Shi ke nan lissafin. Duk wanda ya fara koyon rubuta manhaja zai iya haɗa wannan a yammaci guda, domin babu komai ciki illa tara lambobi 25. Saboda haka in manhaja ta nuna wata ƙwaƙwalwa tana juyawa, ta rubuta cewa tana "nazari", ado ne kawai. Jan launi da kore kuwa mai manhajar ne ya zaɓi inda zai ja layinsu. Broadbent bai tsara takardar don gano cuta ba, ya tsara ta ne don bincike.

Wani abin lura shi ne tambayoyin an yi su ne don Baturen Ingila na wancan zamani. Akwai wadda take magana a kan rashin lura da allunan kwatance na kan hanya, akwai ta neman kaya a babban kanti, akwai ta barin wasiƙu ba amsa. Saurayin da yake noma a Kusada ko yake sayar da kati a tashar Kankiya zai sa 0 a irin waɗannan, don kawai rayuwarsa ba ta bi ta nan. A ɗaya ɓangaren kuma babu tambaya ko ɗaya a kan lambar sirri, ko tura saƙo zuwa zauren WhatsApp ɗin da ba shi aka nufa ba, ko barin data a buɗe har ta ƙare. Ga kuma matsalar harshe. Mafi yawan waɗanda ake samu a intanet da Turanci suke, kuma bambanci tsakanin zaɓi na biyu da na uku kan rikita har wanda ya ci Turanci a WAEC.

Matsalar tambayar mai mantuwa

Babbar matsalar tana cikin tsarin kansa. Ana tambayar mutum ya tuna sau nawa ya manta. Wanda mantuwarsa ta yi tsanani da gaske zai iya manta cewa ya manta, ya ba kansa maki mai kyau. Wanda kuwa yake da yawan damuwa, wanda ƙaramin kuskure yake tsaya masa a rai kwana uku, zai tuna kowanne, ya ba kansa maki mai muni.

Broadbent da kansa ya ga alamar haka. Makin da mutane suka ba kansu bai tafi daidai da sakamakon gwajin ƙwaƙwalwa da aka yi musu a ɗakin bincike ba. Binciken da ya biyo baya ya yi ta nuna cewa makin CFQ yana tafiya tare da damuwa da ƙuncin rai. An kuma sha samun wani abin mamaki: tsofaffi sukan ba kansu maki daidai da na matasa, wani lokaci ma ƙasa da nasu, alhali a gwajin ɗakin bincike matasan ne suke gaba. Watau ɗalibi ɗan shekara 22 zai iya samun 60, kakansa ya samu 35, kuma wannan bai nuna kakan ya fi shi ƙwaƙwalwa ba.

Wannan bambanci ba baƙo ba ne ga wanda ya yi makarantar zaure. Littafin Ahalari, wanda malamin Aljeriya Abdurrahman al-Akhdari ya rubuta a ƙarni na 16, kuma har yau ake karanta shi a garuruwan Katsina, ya ba da babban kaso ga babin rafkanwa a cikin salla. Ya raba kuskure gida biyu, ragi da ƙari: wanda ya rage ya yi ƙabli, wanda ya ƙara ya yi ba'adi. Masana halayyar ɗan Adam ma haka suke raba irin waɗannan kurakurai, barin abin da ya kamata a yi da kuma yin abin da bai kamata ba. Abin da ya fi dacewa da zancen nan shi ne hukuncin mai waswasi, wanda kullum yake shakkar ko ya rage raka'a. An ware shi daban, ba a ce ya riƙa bin kowace shakka ba, domin malamai sun gane cewa yawan jin an yi kuskure daban, yawan yin kuskuren daban. Takardar CFQ ba ta iya raba waɗannan mutum biyu. Duka za ta ba su maki mai yawa.

Duk da haka takardar ba ta banza ba ce. Makin mutum yakan tsaya kusan wuri guda in an sake gwada shi bayan watanni, kuma da aka ba ma'auratan waɗanda suka cike ta wata takarda makamanciya don su faɗi abin da suke gani, amsoshin sun yi kama. Abin da take aunawa dai gaskiya ne: yadda mutum yake jin hankalinsa yana suɓuce masa a rayuwar yau da kullum. Wannan bayani ne mai amfani, muddin ba a ɗauke shi a matsayin hukuncin likita ba.

Inda mutum ya fi yaudarar kansa

Akwai wurare biyu da bincike ya nuna mutum ba ya iya auna kansa daidai, kuma duka biyun sun shafi mai wayar hannu kai tsaye.

Na farko barci. A 2003 Hans Van Dongen da David Dinges da abokan aikinsu a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka suka wallafa wani bincike a kan mutum 48. An raba su rukuni-rukuni, wasu aka ba su awa 8 na kwanciya, wasu 6, wasu 4, har kwana 14 a jere. Kullum ana yi musu gwajin saurin farga: a zuba wa allo ido, da zarar alama ta fito a danna. In mutum ya wuce rabin sakan bai danna ba, an ƙirga masa rafkanwa ɗaya. Masu awa 6 suka yi ta lalacewa kullum, har zuwa ƙarshen mako na biyu rafkanwarsu ta kai irin ta wanda ya kwana ɗaya ko biyu bai runtsa ba. Amma da ake tambayarsu yadda suke jin barci, bayan 'yan kwanakin farko amsarsu ta kusa tsayawa wuri guda. Su a ganinsu sun saba. Duk saurayin da yake jiran datar dare mai araha, ya kwanta ƙarfe biyu, ya tashi asuba, sannan ya ce "ni jikina ya saba", a cikin wannan rukuni yake. In kuma da safe babur zai hau da fasinja daga Kankiya zuwa Kusada ko Ingawa, rabin sakan ba ƙaramin abu ba ne.

Na biyu shi ne yawan amfani da wayar kanta. A 2021 Douglas Parry na Jami'ar Stellenbosch a Afirka ta Kudu, tare da wasu masu bincike, sun tattara binciken da aka yi a baya inda aka kwatanta abin da mutane suka ce suna ɓatawa a waya da abin da na'urar ta rubuta. Suka tarar da ƙyar ake samun wanda hasashensa ya yi daidai. Wasu suna ƙarawa, wasu suna ragewa.

A nan ne mai waya ya fi mutanen zamanin Broadbent sa'a, domin a aljihunsa akwai mai ƙirga da ba ya mantuwa. Tun 2018 Google ya fito da Digital Wellbeing, Apple kuma ya fito da Screen Time. A yawancin wayoyin Android na 'yan shekarun nan, har da Tecno da Infinix da Samsung da Redmi, ana samun Digital Wellbeing a cikin Settings. Yana nuna awa nawa aka yi a kowace manhaja, sau nawa aka buɗe waya, da kuma sanarwa nawa ta shigo a rana. Gwaji mai sauƙi: kafin a buɗe shi, mutum ya rubuta hasashensa a takarda, sannan ya duba. Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu ita ce za ta nuna masa yadda ya kamata ya yarda da sauran amsoshin da yake bayarwa a kan kansa.

Shin wayar ce mai laifi?

A nan sai an yi hattara, don zancen ya fi abin da ake yaɗawa sarƙaƙiya. A 2011 Betsy Sparrow ta Jami'ar Columbia ta wallafa binciken da ya shahara, cewa in mutum ya san an adana bayani a kwamfuta ba ya ƙoƙarin riƙe shi, sai dai ya riƙe inda aka ajiye. A 2017 kuma wasu masu bincike ƙarƙashin Adrian Ward na Jami'ar Texas suka ce ajiye waya a kan tebur kawai, ko a kife, yana rage ƙarfin tunani. Jaridu sun yi ta yayata duka biyun. Sai dai da wasu suka sake gwada ɗaya daga gwaje-gwajen Sparrow a 2018, sakamakon bai maimaitu ba, na Ward ma wasu sun samu, wasu ba su samu ba. Wanda ya ce kimiyya ta tabbatar waya tana lalata ƙwaƙwalwa ya wuce gona da iri.

Abin da ya fi ƙarfi shi ne batun katsewa. A 2015 masu bincike a Jami'ar Jihar Florida suka sa ɗalibai wani aiki mai buƙatar natsuwa, suka riƙa kiran wayoyin wasu ko tura musu saƙo ba tare da sun san daga masu binciken ba ne. Waɗanda wayarsu ta yi ƙara sun fi yin kuskure, ko da ba su taɓa ta ba. Wannan ya dace da abin da aka daɗe da sani game da ƙwaƙwalwar riƙon wucin gadi, wadda take ɗauke da abu na 'yan sakanni. A 1956 George Miller ya ce tana ɗaukar abu kamar bakwai, a 2001 Nelson Cowan ya ce in aka hana mutum dabarar haɗa su rukuni, kusan huɗu ne. Lambar asusun banki a Najeriya guda 10 ce, lambar waya da BVN da NIN kowacce 11. Duka sun fi ƙarfin wannan ma'aji. Mutum yana riƙe da su ne ta hanyar maimaitawa a zuci, kuma ƙarar saƙo ɗaya ko gaisuwar wani mai wucewa ta isa ta watsa su. Mai POS ɗin da yake karanta lamba uku-uku, sannan ya faɗi sunan da ya fito da ƙarfi kafin ya tura, ya fi wanda yake taƙama da ƙwaƙwalwarsa tsira da kuɗinsa.

Yadda za a auna da kyau

Hanyar da ta fi takardar wata shida ta girme ta da 'yan shekaru. A 1979 James Reason, masanin kurakuran ɗan Adam a Ingila, ya sa mutum 35 su riƙa rubuta duk wani aiki da suka yi saɓanin niyyarsu har tsawon mako biyu. Ya tara sama da 400, kusan ɗaya a rana ga kowane mutum, kuma duka lafiyayyu ne. Ya lura yawancinsu sun faru ne a cikin ayyukan da aka saba, a wurin da aka saba, lokacin da hankali yake wani waje. Shi ya sa lambar sirrin da aka danna sau dubu take iya ɓacewa: yatsa ne ya haddace ta, da zarar an tsaya ana tunaninta sai ta gudu.

Kowa zai iya yin irin na Reason da manhajar rubutu ta wayarsa, ba sai da data ba. Duk lokacin da abu ya faru, a rubuta nan take, layi ɗaya: me ya faru, ƙarfe nawa, me ake yi a lokacin. Da safe a ƙara awa nawa aka yi barci, da dare a kwafo adadin sanarwa da na buɗe waya daga Digital Wellbeing. Kada a bari sai dare a zauna tunowa, don an koma gidan jiya. Wanda ya iya Google Sheets zai iya jera su a shafi guda, amma littafin rubutu mai shafi arba'in ma ya wadatar.

Bayan mako biyu abin da za a duba shi ne tsari, ba jimla ba. Wataƙila kurakuran sun taru ne bayan azahar lokacin zafi, ko ranakun da aka kwana kallon ƙwallo, ko duk sa'ad da ake lissafin kuɗi ana kuma amsa waya. Ɗalibin makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya da ya gano cewa lissafin awon magani yana kuɓuce masa ne a ranakun da bai yi barci ba, ya samu abin da zai gyara tun kafin ya tsaya a kan majinyaci. Maki 60 cikin 100 ba zai gaya masa wannan ba.

Sai kuma shaidar wani. Broadbent ya tambayi ma'aurata, saurayi zai iya tambayar abokin zamansa a shago ko ƙanwarsa, wanda dai ba zai ji nauyinsa ba. In mutum ya ba kansa maki mai yawa amma na kusa da shi ba su ga komai ba, ya kamata ya duba ɓangaren damuwa. In kuwa su ne suke ƙorafi shi bai ga komai ba, wannan ya fi cancanta a ɗauka da muhimmanci.

Masu son gwajin da ba tambaya ba ne za su iya neman manhajar gwajin saurin farga, ko kuma wanda ake kira SART, da Ian Robertson da abokan aikinsa suka fitar a 1997: lambobi 1 zuwa 9 suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, a danna wa kowacce ban da 3. Kamar wasan yara, amma cikin minti huɗu da ɗoriya za a ga sau nawa yatsa ya riga hankali. Sharaɗi ɗaya: kada a kwatanta sakamako da na aboki. Kowace waya tana da nata jinkiri tsakanin taɓa gilashi da karɓar umarni, ƙaramar itel da babbar Samsung ba ɗaya ba ne. A kwatanta mutum da kansa, a waya guda, a lokaci guda na rana.

Abin da za a guje wa

Manhajar gwajin mantuwa ba ta da abin yi da lambobin abokai, ko saƙonni, ko hotuna. In ta nemi izinin waɗannan, a goge ta. Amsoshin da suka shafi lafiya suna cikin bayanan da dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba kariya ta musamman, amma dokar ba za ta bi mutum zuwa wata manhaja da ba a san mai ita ba ko ƙasar da yake. Haka duk gwajin da ya ƙare da tallar wani magani ko wasan "horar da ƙwaƙwalwa" na biya, an san inda aka dosa tun farko. A Janairun 2016 kamfanin da ya mallaki Lumosity ya amince ya biya dala miliyan 2 bayan hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta zarge shi da alƙawuran da ba shi da hujjarsu.

Akwai kuma inda lamarin ya wuce manhaja gaba ɗaya. Mutum ya ɓace a hanyar da ya saba bi, ko ya riƙa maimaita tambaya ɗaya bai sani ba, ko ya riƙa ɗaukewa na 'yan sakanni ido a buɗe, ko mantuwar ta fara bayan faɗuwa a babur ko zazzaɓi mai tsanani: wannan na Babban Asibitin Kankiya ne, in ta kama a tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. In kuwa kwatsam baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, ba a jiran gari ya waye. Ƙarancin jini, ƙuncin rai, da shan tiramol ko kodin duk suna taɓa natsuwa, kuma likita zai tambaya. Wanda ya je da rubutunsa na mako biyu, da awannin barci da lokutan da abin yake faruwa, tare da ɗan'uwan da ya shaida, ya rage wa likitan rabin aiki.